Barewa Ba Ta Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe: Tarihin Haihuwar Mutum-Doki da Matsayinsa a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Dalilin rubuta wannan maƙala shi ne wata tambaya da wani matashin marubuci, mutumin Bauranya ta ƙasar Kankiya da Kusada, ya aiko mini tare da rubutun wani ƙagaggen labari da yake shiryawa. A cikin labarin nasa akwai wata al'umma wadda daga ƙugu zuwa sama mutane ne, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa dawaki ne masu ƙafa huɗu. Labari ya yi nisa, har sarauniyar wannan al'umma ta sami juna biyu, sai alƙalami ya tsaya cik, domin marubucin ya rasa yadda za a yi ta haihu. Tambayarsa ke nan: a ina cikin yake, wata nawa zai yi, kuma yaya abin da aka haifa zai rayu?

Mai karatu yana iya ɗaukar wannan tambaya a matsayin wasan yara. Amma tambaya ce da masana suka yi jayayya a kanta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Bayan haka kuma ta taɓo wata matsala da adabin Hausa na zamani yake fama da ita tun 1933, watau yadda za a aro abu daga adabin wasu mutane a zaunar da shi a gida har ya daina zama baƙo. Za a bi tarihin wannan halitta, wadda Girkawa suke kira kentauros, mu kuma a nan za mu kira ta mutum-doki, macen kuma mace-goɗiya. Sa'an nan a duba yadda Bahaushe ya haɗa mutum da dabba a tatsuniyoyinsa da al'adunsa. Abin da ake son nunawa shi ne, inda Girkawa suka ɗauki haihuwar irin wannan halitta a matsayin matsalar jiki, Bahaushe ya ɗauke ta a matsayin matsalar dangantaka, kuma a nan ne marubucin Hausa zai sami mafitarsa.

2.0 Asalin Mutum-Doki a Wurin Girkawa

Ɗaya daga cikin tsofaffin siffofin wannan halitta da aka tono wani mutum-mutumi ne na yumɓu da aka samu a Lefkandi, a tsibirin Yubiya na ƙasar Girka, wanda aka ƙera a ƙarni na 10 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A zane-zanen farko sau da yawa akan yi cikakken mutum ne da ƙafafunsa na mutane, sa'an nan a liƙa masa gangar jikin doki ta baya. Daga baya ne siffar da aka sani yanzu ta rinjaya, inda jikin mutum yake tsirowa daga gurbin wuyan doki.

Abin lura shi ne, a tsofaffin labaran Girkawa ba mace-goɗiya ce take haihuwar mutum-doki ba. Mawaƙin nan Findar, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo cewa wani sarki mai suna Iksiyon ya yi sha'awar matar babban abin bautarsu, sai aka yaudare shi da gajimare mai siffarta. Daga wannan saduwa aka haifi wani ɗa wanda ba shi da daraja wurin mutane ko wurin abubuwan bauta. Shi wannan ɗan ne ya sadu da goɗiyoyi a gindin dutsen Feliyon, suka haifi zuriya mai kama da uwa ta ƙasa, da uba ta sama. Shi kuwa Kiron, wanda ya fi kowane mutum-doki ilmi da natsuwa, har ya zama malamin jarumai irin su Akilis, asalinsa dabam ne. Ubansa Kuronos ya rikiɗa ya zama doki ya sadu da wata mai suna Filira. An ce da ta ga abin da ta haifa, baƙin ciki ya sa ta roƙi a canza mata halitta, aka mai da ita bishiya.

Ke nan a wannan mataki mutum-doki sakamakon laifi ne. Haihuwarsa abin kunya ce da ta auku sau ɗaya, ba al'adar wata al'umma mai aure da zuriya ba. Shi ya sa ake siffanta yawancinsu da shaye-shaye da sace mata, kamar yadda suka yi a bikin auren sarkin Lafitawa har aka gwabza yaƙi.

Wanda ya juya al'amarin wani mai zane ne, Ziyuksis, a ƙarshen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Zanen nasa ya salwanta, amma marubuci Lukiyan, mutumin Samosata na ƙarni na 2 Miladiyya, ya ga kwafinsa a birnin Atina ya kuma bayyana shi. A zanen, wata mace-goɗiya ce kishingiɗe a kan ciyawa da 'ya'ya biyu. Ta rungume ɗaya tana ba shi nono irin na mutane, ɗayan kuma yana tsotson hantsarta irin ta goɗiya. Uban yana tsaye daga sama yana dariya, ya ɗaga ɗan zaki yana tsorata yaran da wasa. A nan ne aka ba wannan halitta gida da iyali. Lukiyan ya ƙara da cewa da mai zanen ya ga jama'a sabon abu kawai suke yabo, ba gwanintar aikin ba, sai ransa ya ɓaci ya sa almajirinsa ya naɗe zanen. Wannan gargaɗi ne ga duk marubucin da yake zaton baƙuwar halitta kaɗai ta isa ta riƙe labari.

3.0 Masu Musu da Hujjarsu

Da zarar an ba mutum-doki mata da 'ya'ya, sai masu bincike suka fara lissafi. Barume Lukiritiyas, wanda ya rasu wajen shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa hujja da girma. Ya nuna cewa doki ɗan shekara 3 ya kai ƙarfinsa, alhali yaro ɗan shekara 3 har yanzu yakan nemi nono a cikin barci. Lokacin da gemu ya fara tsiro wa saurayi kuma, dokin da aka haifa tare da shi ya tsufa. To, yaya rabi biyu da ba sa girma tare, ba sa tsufa tare, za su zama jiki ɗaya? Likita Jalinusa, wanda aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya, kuma wanda malamanmu na ɗibbu suka san sunansa ta littattafan Larabci, ya zo da tasa hujjar. Ya ce mahaifar goɗiya ba za ta karɓi irin mutum ba, kuma ko da an haifi abin, ba a san da me za a ciyar da shi ba, tun da ƙasansa ciyawa yake so, samansa kuwa dafaffen abinci. Ya yarje wa mawaƙa su faɗi abin da suka ga dama don nishaɗi, amma ban da mai neman gaskiya. Duk da haka ba kowa ya yarda ba. Filini Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ruwaito daga Sarkin Rum Kalaudiyas cewa an haifi mutum-doki a Tasaliya ya mutu a ranar, ya kuma ce shi da kansa ya ga gawar wani da aka kawo daga Masar an adana ta cikin zuma.

Ilmin zamani ya tabbatar da masu musun, ya kuma ƙara wa hujjarsu kaifi. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 46, doki yana da 64. Ko jaki mai 62, wanda yake ɗan'uwan doki na kusa, in ya hau goɗiya alfadari ake samu mai 63, wanda kusan kullum ba ya haihuwa. Cikin mace wata 9 ne, na goɗiya kuwa wajen wata 11, watau kimanin kwana 340. Jariri yakan zo da nauyin da bai fi kilo 3 da 'yan kai ba, duƙushin babbar goɗiya kuwa yakan kai kilo 45 ko 50. Goɗiya takan haihu ne galibi da dare, a kwance ta gefe, kuma daga fashewar faya zuwa fitowar ɗa ba a cika wuce minti 30 ba. Ɗan yana fitowa da ƙafafun gaba, da hancinsa a kwance bisa kansu, ya miƙe sambal kamar mai tsunduma cikin ruwa. Cikin awa ɗaya ko biyu ya tashi tsaye, kafin rana ta faɗi yana bin uwarsa da gudu. Jaririn mutum kuwa sai ya yi wata 3 ko 4 kafin wuyansa ya iya riƙe kansa, sai wajen shekara guda zai taka.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Matsalar mutum-doki ita ce shi kaɗai ne halittar da rabinsa zai yi gudu rabinsa bai ko isa rarrafe ba. Wannan ita ce ainihin tambayar marubucin Bauranya, kuma ita ce ta Lukiritiyas.

4.0 Abin da Ya Iso Ƙasar Hausa

Siffar mutum-doki ba ta tsaya a Turai ba. Masana taurari na Musulunci sun gaje ta daga Girkawa, don haka a littafin taurari na Abdurrahman al-Sufi, wanda ya kammala a wajen 964, an zana burjin Ƙausu a matsayin mutum-doki mai ɗame baka. Sunan burjin ya iso ga malaman hisabi na ƙasar Hausa, amma siffar ba ta shiga bakin masu tatsuniya ba. Haka kuma Buraƙa. Abin da ingantattun hadisai suka bayyana shi ne farar dabba ce, ta fi jaki ba ta kai alfadari ba, mai sa kofatonta a iyakar ganinta. Fuskar mutum da ake sa mata ƙari ne da ya yaɗu ta hannun masu zane na ƙasar Farisa, kamar yadda ake gani a littafin Mi'iraji da aka zana a Herat a 1436. Daga bisani hotunan bugun Masar suka yaɗa wannan siffa a Afirka ta Yamma. Amma ba wanda ya tambayi yadda Buraƙa take haihuwa, domin abin girmamawa ce, ba abin tatsuniya ba.

Inda aka sami haihuwa tsakanin jinsi biyu shi ne a Dare Dubu da Ɗaya, wanda Frank Edgar ya fitar da fassararsa ta Hausa a 1924. A tafiyar Sindibad ta farko an ga barori suna ɗaure goɗiyoyin sarki a bakin teku don dawakin ruwa su fito su hau su, a sami 'ya'ya masu tsada. A labarin Julnar kuma, 'yar mutanen teku ce ta auri sarki. Da cikinta ya tsufa sai ta kira uwarta da ɗan'uwanta daga ƙarƙashin ruwa, da ta haihu kawun yaron ya ɗauke shi ya nutse da shi cikin teku ya komo, don a tabbatar masa da gadon dangin uwa. A nan ba a damu da yadda jikin uwar yake ba, an damu ne da wanda zai zauna da mai jego da kuma ɓangaren da yaro zai bi. Wannan ya fi kusa da tunanin Bahaushe.

5.0 Mutum da Doki a Tunanin Bahaushe

Wasu masana suna ganin tunanin mutum-doki ya samo asali ne daga firgicin mutanen da suka fara ganin mahayi. Misalin da ake yawan kawowa shi ne na yaƙin da Sifaniyawa suka yi a Tabasko ta ƙasar Meziko a 1519, inda ɗaya daga cikin sojojin, Bernal Diyaz, ya rubuta cewa mutanen ƙasar sun zaci doki da mahayinsa halitta ɗaya ce. Akwai makamancin wannan a ƙasar Hausa, amma ya bi wata hanya. A wata ruwaya ta labarin Bayajida an ce mutanen Daura ba su san doki ba, da suka gan shi a bisa sai suka ce ya hau sa, wai daga nan sunan Hausa ya samo asali. Masana harshe ba su karɓi wannan asali na kalmar ba, amma ruwayar tana da amfani a nan. Ko a cikin rashin sani, an rarrabe mahayi da abin hawa. An yi kuskuren sunan dabbar, ba a yi kuskuren haɗa ta da mutum ba.

Doki ya daɗe a tsakiyar mulkin ƙasar Hausa. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410. Ɗan lifida da dokinsa, in an lulluɓe su tun daga kwalkwali har gwiwar doki, lalle sun yi kama da halitta guda. A Katsina ma, daga hawan salla zuwa wasan ƙwallon doki da ya kafu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944), kuma Sarki Usman Nagogo (1944–1981) ya shahara da shi, gwanin mahayi shi ne wanda ba a ganin tsakaninsa da sirdi. Amma darajar barde tana ga cewa shi ne a sama, linzami a hannunsa. In aka narkar da shi cikin dokin, sarautar ta tafi.

Inda Bahaushe ya haɗa mutum da doki a jiki ɗaya shi ne a bori. Namijin da iska take hawa ana kiransa doki, macen kuma goɗiya. Mutumin shi ne abin hawa, mahayin kuwa ba a ganinsa. A. J. N. Tremearne ya yi rubutu a kan wannan a 1914, haka kuma Fremont Besmer a littafinsa na 1983 game da borin Kano, inda ya tsara gidaje 12 na birnin iskoki, Jangare. Abin sha'awa shi ne iskokin nan suna da cikakkiyar nasaba: wane ɗan wane ne, wance matar wane ce, wane riƙon wane ne. Har masu alaƙa da dabbobi, irin su Kure da Danko, suna da gurbinsu a cikin dangi. 'Yan bori sun san asalin kowane iska, amma ba su taɓa buƙatar bayanin naƙudar uwarsa ba.

6.0 Haihuwar Ban Mamaki a Tatsuniya

Wanda ya bi manyan kundayen tatsuniyoyin Hausa, tun daga Magana Hausa na J. F. Schön (1885), da juzu'i 3 na Edgar (1911–1913), da na Tremearne da na R. S. Rattray (duka 1913), har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970, zai ga ba kasafai ake raba jiki biyu a ba mutum rabi dabba rabi ba. Hanyoyi uku ne suka fi yawa.

Ta farko ita ce rikiɗa. Ɓauna takan zama kyakkyawar budurwa ta auri maharbi don ta san asirinsa. Dodo ko maciji yakan zama saurayi marar tabo ya auri yarinyar da ta raina samarin garinsu. A nan halittar mutum ce cikakkiya a wani lokaci, dabba ce cikakkiya a wani lokaci. Watau an raba ta ne ta fuskar lokaci, ba ta fuskar jiki ba.

Ta biyu ita ce haihuwar roƙo. Matar da ta daɗe ba ta haihu ba takan roƙi Allah ya ba ta ɗa ko da jaki ne, ko da tukunya ce, sai kuwa ta haifi abin da ta ambata. A cikin tarin Tremearne akwai labarin matar da ta haifi jaka, wadda in ta shiga daji sai ta tuɓe fatar ta fito budurwa. Tatsuniyar ba ta tsaya kan yadda jaka ta fito daga cikin mace ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne gorin kishiyoyi, da haƙurin uwa, da wanda zai yarda ya auri abin da aka haifa. Haka Ta-kitse, wadda ta samu daga kitsen sa: matsalarta ba asalinta ba ce, matsalarta kishiyoyin da suka tura ta rana ne.

Ta uku ita ce alkawari. Mai ciki ta je rafi ta rasa mai aza mata tulu, sai Dodo ya taimake ta bisa sharaɗin abin da yake cikinta nasa ne. Tun ba a haifi yaro ba an riga an yi jayayya a kan mai shi.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A al'adar Hausa naƙuda abin sirri ce da kunya, tsakanin mai haihuwa da ungozoma da tsofaffin mata. Abin da jama'a suke gani shi ne abin da ya biyo baya: binne mabiyiya, da wankan jego, da kunun kanwa, da ƙauri, da raɗin suna ran kwana bakwai, da askin wanzami, da goyo, da yaye. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta buga tarihin rayuwarta a 1954, ta yi dogon bayani a kan waɗannan matakai. Da su ne jariri yake zama ɗan wani gida. Shari'a ma ta wannan fuska ta dubi al'amarin, domin lissafin da malaman fiƙihu suka yi na mafi ƙarancin ciki, watau wata 6, da cikar shayarwa shekara 2, an yi shi ne don tabbatar da nasaba da haƙƙi.

Wannan tunani yana da ɓangarensa mai ɗaci, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Yaron da aka haifa da laluran da ta hana shi riƙe wuya ko zama, a da akan kira shi ɗan ruwa, a ce aljanu ne suka musanya shi, har a wasu wurare a kai shi bakin rafi. Likitoci sun san cewa yawancin irin waɗannan yara wahalar haihuwa ko shawara ko wata cuta ce ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ke nan tambayar ko abin da aka haifa namu ne ko ba namu ba, ba a tatsuniya kaɗai ta tsaya ba. Ta taɓa rayukan yara na gaskiya.

7.0 Darasin Marubutan Farko

Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu malamai ne a Katsina a lokacin. Littattafan biyu cike suke da aljanu da ƙasashen ban mamaki, kuma Imam ya ci gaba da aro daga Larabawa da Indiyawa da Turawa a Magana Jari Ce. Misalin da ya fi kusa da marubucinmu shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a farkon shekarun 1950, kuma Ingawa maƙwabciyar Kusada da Kankiya ce. Asalin Iliya jarumin Rashawa ne, Iliya Muromets, kuma birnin Kib da Sarki Waldima su ne Kiyef da Baladimir. Amma dubban ɗalibai sun karanta littafin ba su ji warin baƙunci ba, domin an mai da jarumin ɗan roƙon Allah, mai tawakkali, an kuma ba dokinsa suna na gida, Ƙwalele. Ba siffa aka aro aka ajiye ba, an sake mata dangi ne.

Tun daga shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun ƙara buɗe ƙofar baƙin halittu, finafinai kuma suka kawo mutum-doki har cikin ɗaki. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma wani lokaci yakan zo da dattinsa. A fim ɗin Fantasia na kamfanin Disney (1940) an zana fararen mata-goɗiyoyi suna kwalliya, da wata baƙa mai jikin jaki tana goge musu kofato. Sai a 1969 aka yanke ta daga fim ɗin. Marubucin da ya ɗauko halitta ba tare da sanin tarihinta ba yana iya ɗauko raini ga kansa bai sani ba.

8.0 Mafita ga Marubuci

Game da jiki, hankali ya fi karkata ga cewa cikin yana ɓangaren goɗiya, domin ƙugun mace ba zai ɗauki ɗa mai ƙafa huɗu ba. Daga nan marubuci yana da zaɓi uku, kuma kowanne yana jawo al'adarsa.

In ya zaɓi dogon ciki, a ce shekara ɗaya da rabi ko biyu, don a haifi yaro wuyansa ya yi ƙwari, to haihuwa za ta yi wuya da haɗari. Jikin ɗan a lanƙwashe yake, ba miƙaƙƙe kamar na duƙushi ba, kuma hannun uwar ba zai kai bayanta ba. A irin wannan al'umma ungozoma za ta fi sarkin yaƙi daraja, kuma mai ciki ba za ta yi nisa da dangi ba. Bahaushe da ya san zancen kwantaccen ciki ba zai yi mamakin tsawon ba.

In ya zaɓi wata 11, yaro zai zo da ƙafafu masu son gudu da wuya mai langaɓewa. Dole a ƙirƙiro wani abu a madadin majanyi da zai tallafe rabin sama, dole kuma a yi turken jarirai. Uwa ba za ta goya ɗan da ya kai kilo 50 ba, to me zai maye gurbin goyo wajen shaƙuwa? Da wane nono za a fara, kuma yaushe za a yaye kowanne? C. S. Lewis, a littafinsa na 1953 cikin jerin Narniya, ya ba mutum-doki tumbi biyu, kowanne da irin karin kumallonsa. Wannan ƙaramin bayani ya fi dogon kirari sa halittar ta zama mai rai.

In kuwa ya bi hanyar gida, sai ya koma ga rikiɗa: a haifi yaro da siffa ɗaya, ɗayar ta bayyana ran suna, ko ran yaye, ko ran da ya balaga. A nan kwana bakwai na jira za su zama kwanakin fargaba, domin ba a san ɓangaren da zai rinjaya ba.

Kowanne aka ɗauka, tambayoyin da za su riƙe mai karatun Hausa su ne na dangantaka. Wa zai yi wa jaririn huɗuba? Wanzami zai aske gashin kai ya bar geza? In uban mutum ne cikakke, ɗan zai gaji sarauta, ko masu zaɓen sarki za su ce ba a naɗa abin hawa? Larabawa suna da karin magana cewa da aka tambayi alfadari ubansa, sai ya ce doki kawunsa ne. Yaron da yake jin kunyar rabin jikinsa, da uwar da ta ƙi yarda a kai shi bakin rafi, sun isa labari guda.

9.0 Kammalawa

An ga cewa tambayar haihuwar mutum-doki ta bi matakai uku a wurin Girkawa da Rumawa: farko abin kunya ce da ta auku sau ɗaya, sa'an nan Ziyuksis ya mai da ita zaman iyali, daga bisani Lukiritiyas da Jalinusa suka rushe ta da hujjar girma da abinci. An kuma ga cewa Bahaushe, duk da daɗewarsa da doki, ya fi haɗa mutum da dabba ta hanyar rikiɗa da hawa da aure, ya kuma bar naƙuda a bayan labule ya fito da suna da nasaba fili. Shawarar da na mayar wa marubucin Bauranya ita ce ya zauna da masu kiwon dawaki ya ji yadda goɗiya take haihuwa, ya zauna da tsohuwar ungozoma ya ji abin da za ta yarda ta faɗa, sa'an nan ya bar sarauniyarsa ta haihu da dare cikin 'yan layuka kaɗan. Babin da zai ba wa ƙarfinsa shi ne na washegari, lokacin da dangin uba suka zo barka suka ga abin da aka haifa.